Mai Tsani da Turke na Sha Tara

Ranar da wandon Mai Tsani ya tona masa asiri Talata ce, da hantsi, lokacin da babban layin tsakiyar gari ya cika maƙil, ba masaka tsinke. Yana can saman turken fitila na bakwai, ya zare mataccen ƙwai ya sa a aljihu, ya ɗauko mai rai zai ɗaura, sai tsanin ya ce shi ma ya gaji. Ƙafar tsanin ɗaya ta zame daga bakin kwata, ya tafi luu ya kwanta a kan rumfar mai gyaran takalmi. Mutumin kuwa bai bi tsaninsa ba. Wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake rataya allon talla ya cafke shi ta bayan bel. Wandon kakinsa na aiki, wanda ya fi shekara biyar yana shan wanki, ya yage tun daga ƙugu har gwiwa, amma bel ɗin ya riƙe amana. Sai ga dattijo mai shekara hamsin da takwas yana reto tsakanin sama da ƙasa kamar wankin da aka manta a igiya.

Da faɗuwa ce kawai, da salati za a yi. Abin da ya ɓata lamarin shi ne abin da ke ƙarƙashin kakin. Gajeren wando ne na atamfa, ja da ruwan ɗorawa, da zanen manyan furanni, kowane fure ya kai faranti. Masu shaguna suka fito, masu babur suka tsaya, wayoyi suka tashi sama.

Mai Aski, wanda ɗakin hayarsa da na Mai Tsani bango ɗaya ya raba su shekara goma sha biyar, ya baro wani bawan Allah da rabin kai a kujera, ya fito da injin aski a hannu. Ya ɗaga kai, ya kare ido da tafi, ya ce, "Maƙwabci, ashe lambu guda kake yawo da shi, ko fure ɗaya ba ka taɓa tsinko mana ba?"

Layi ya ɗauki dariya har da masu riƙe ciki. Sai da maganar ta gama fita daga bakin Mai Aski sannan ya gane zanen. Ya sha ganinsa a shanye a tsakar gidansu, a igiyar marigayiya matar Mai Tsani.

Mai Tsani bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Ƙwan nan mai rai yana hannunsa, bai sake shi ba. Abin da ya ce kawai, a miƙo tsanin. Da aka jingina masa, kowa ya zaci saukowa zai yi da sauri. Sai ya zare kansa daga ƙarfen, ya ƙara hawa taki biyu, ya ɗaura ƙwan ya murɗa shi sosai, sannan ya sauko. Ya haɗa bakin wandon da hannu ɗaya, ya saɓa tsani da ɗayan, ya bi ta tsakiyar mutane kamar wanda ya fito daga banki.

Ba furen ne ya hana Mai Aski sukuni ranar ba. Rashin amsar ne. Da can Mai Tsani bakinsa reza ne. In ka jefa masa ɗaya sai ya dawo maka da uku, ta ukun kuma sai ka kai gida ka kwanta sannan ka gane zaginka aka yi. Shi ne ya taɓa gaya wa Mai Aski cewa duk kan da ya fito daga shagonsa kamar gonar da awaki suka kwana a ciki. Haka suke tun suna da ƙarfinsu, safe da yamma, har matansu suka daina shiga tsakani. Amma shekara uku ke nan duk abin da ka ce wa Mai Tsani, amsarsa ɗaya ce: haka ne. Ka ce masa ya tsufa, haka ne. Ka ce masa tsaninsa ya fi shi hankali, haka ne. Mai Aski bai daina tsokana ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya san da mutum a ciki.

Shekara talatin da ɗaya Mai Tsani ya yi yana kula da fitilun layin nan. Turke arba'in ne daga shataletale zuwa gada, duk ya san su da lamba, ya san wanda ya karkace, ya san wanda ke jan mutum in an yi ruwa. Fitilun tsofaffi ne, haskensu rawaya-rawaya kamar idon mai shawara. In ka tsaya a ƙarƙashin ɗaya za ka gane fuskar ɗan'uwanka, in ka yi taku goma sai dai ka gane shi da tari. Kuma ko wannan ɗin bai ishi kowa ba. Sito ɗin ofis ba ya ba da sabon ƙwai sai an yi ta sa hannu, in ya bayar kuma uku ne ko huɗu. Tun da ya fara aiki bai taɓa ganin arba'in ɗin nan sun kama rana ɗaya ba. Masu rai ba sa wuce ashirin da shida.

To, ƙwai ashirin da shida, turke arba'in. Ko wanda bai gama firamare ba ya san sha huɗu za su kwana a duhu. Wane ne zai zaɓi sha huɗun? Shi ne. A takardar aikinsa an rubuta mai kula da fitilu, amma gaskiyar magana duhu yake rabawa. Ƙarshen wata ya kai ƙwai bakin banki. Da damina ya mayar da su wajen kwatocin da murfinsu ya ɓace. In asibitin bayan layi ya cika, ya ƙara ɗaya a kwanar shiga. Ya cire nan ya sa can, ya cire can ya sa nan, kamar uwa mai 'ya'ya da yawa da bargo ɗaya. Kullum da magariba yakan bi layin daga farko zuwa ƙarshe kansa a sama, har wuyansa ya saba, ko magana yake da kai sai ka ga kamar rufin ɗaki yake dubawa.

Matarsa, Uwar Auta, ita ce kaɗai ke iya rufe masa baki. Takan ce ta auri mai haska gari ga shi ita da ƙwai ɗaya take zaren allura. Mace ce mai son launi, in ta ɗaura zane daga nesa kake ganinta. Ɗiya ɗaya ta rage musu a gida, Auta, sauran biyun sun yi aure sun yi nisa.

Shekara uku da suka wuce aka fasa kwaɗon wani shago. Ba a ɗauki komai ba, mai gadi ya yi tari ɓarawon ya gudu. Amma shagon na Ciyaman ne, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar layin, mai sayar da kayan gini, mai ƙofa huɗu a jere, kuma a satin nan turken da ke gabansa, na takwas, a mace yake. Ciyaman bai tsaya wajen Mai Tsani ba, kai tsaye ya wuce ofis. Kafin azahar Oga, shugaban Mai Tsani a ofis, ya kira waya: a sa wa Ciyaman wuta kafin rana ta faɗi, ba ya son jin wani bayani.

Babu ƙwai a sito. Mai Tsani ya tsaya a tsakiyar layi da tsani a kafaɗa yana lissafin wanda zai kwashe wa. In ya taɓa na banki, ƙara. Na mai kemis, ƙara. Na bakin asibiti, bai ma yi tunaninsa ba. Sai idonsa ya kai turke na sha tara. Babu shago ko ɗaya a wajen, dogon bangon wani tsohon sito ne kawai, sai mashigar da mutanen gidajen haya ke tsallaka titi su shiga lungu. Lungunsu ne. Ya ce a ransa, mutanenmu sun san hanyar nan da ƙafa ko ido a rufe, kuma na gida ba ya kai ka ƙara. Kwana kaɗan ne, in sabbi suka zo in mayar. Ya hau, ya kwance, ya kai wa Ciyaman. Ciyaman ko sannu bai ce ba, yana waya.

A kwana na huɗu, duhu bai daɗe da sauka ba, Uwar Auta ta fito sayen maganin tari. Wata babbar mota ce mai ɗauke da buhuna. Direban bai gudu ba. Ya zauna a bakin kwata ya ɗora hannu a ka yana ta rantsuwa cewa bai ga kowa ba, wajen baƙi ƙirin. Zanen da ke jikinta ranar kore ne shar, irin wanda da rana za ka hango daga gada.

Mutane suka ce ƙaddara, kuma ƙaddarar ce. Wasu suka ce ƙwan wajen ne ya mutu, ai kullum suna mutuwa. Ba wanda ya tambayi Mai Tsani, wa zai tambayi mai makoki zancen ƙwai? Shi ma bai ce ba. Bai yi kuka a gaban kowa ba, Mai Aski kuma da ke jin motsin cokalinsa ta bango ya ce ko a ɗaki bai ji ba. Yana cin abinci in an ajiye, yana barci in ya kwanta. Bayan kwana bakwai ya saɓa tsani, ya ciro ƙwai daga na talatin da ɗaya ya ɗaura a na sha tara. Daga ranar turken nan bai ƙara kwana a mace ba. Da Auta ta tattara kayan uwarta za a rabar, ya zare zane biyu, ya kai wa wani tela a can wata unguwa inda ba a san shi ba.

Ran Alhamis, kwana biyu bayan reton, Oga ya aika a kira shi. Hoton ya riga ya zaga wayoyi, har masinjan ofis yana kallon ƙasa yana danne dariya. Oga ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba, daga nan Mai Tsani ya san ba alheri. Wai hukuma ta kawo shawara. Za a cire tsofaffin fitilun layin gaba ɗaya a sa sababbi farare, masu hasken da za ka tsinci allura, duk turke arba'in, kuma sai su shekara goma ba a taɓa su ba. Hukuma za ta sayo, amma ba ta iya ɗaukar kuɗin wuta da na kulawa ita kaɗai, sai masu shaguna sun riƙa ba da nasu kaso duk wata. Ran Asabar ƙungiya za ta zauna ta ce e ko a'a. In ta ce e, kamfanin da ya kawo fitilun shi zai riƙa kula da su da motarsa mai ɗaga mutum, kujerar mai tsani kuma a rufe ta ƙarshen shekara.

Saura shekara biyu Mai Tsani ya cika lokacin cikakken fansho. In aka sallame shi yanzu, rabi zai samu. Oga ya faɗi wannan yana duban silin, kamar mai ba da labarin hadari ya haɗu a wani gari. Mai Tsani ya ce haka ne, ya tashi ya mayar da kujerar inda ya same ta.

Da yammar Juma'a sai ga Ciyaman da kansa a lungunsu, yana tattare bakin riga kada ta taɓa ƙasa, da leda a hannu. Tun da aka gina gidan bai taɓa shigowa ba, ko ranar gaisuwar mutuwa aike ya yi. Ya zauna a benci, ya yi jajen faɗuwa, ya miƙa ledar. Sabon wandon kaki ne, har da takardar kanti a jiki. Sannan ya shigo da abin da ya kawo shi. Shi dai bai ga dalilin da za a ɗora wa 'yan kasuwa sabon nauyi ba, kasuwa ta yi sanyi, haya ta hau. Gobe zai kira Mai Tsani gaban mutane, tunda shi ne ya san fitilun, ya faɗa musu cewa tsofaffin sun isa, ɗan gyara kawai suke so.

"Kai ma abincinka ne, Baba," in ji shi. "Ni ina kare aljihuna, kai kana kare tukunyarka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Mai Tsani ya karɓi ledar ya ajiye a gefe. Ya ce haka ne.

Auta ta dawo ƙarfe takwas da 'yan mintuna, kamar kullum. A kemis ɗin da ke turke na biyar take aiki, kuma kowace rana ta Allah a mashigar sha tara take tsallakowa. Mai Aski ya riga ya tare ta a ƙofa ya ba ta labarin baƙon da suka yi, da ƙarin gishiri. Ta zuba wa uban abinci, ta ɗauko yagaggen wandon ta zauna ƙarƙashin ƙwan ɗakin tana ɗinkewa, tana kai allurar kusa da ido kamar yadda uwarta ke yi. Can ta ce ita dai in za a bi tata, ya faɗi abin da suke so ɗin. Rabin fansho ba zai riƙe haya da magani ba, albashinta kuma ya san iyakarsa. Shekara biyu kamar gobe ne, in ya gama su sa duk fitilar da suka ga dama.

"Ni kada ka damu da ni, Baba. Akwai tocila a wayata."

Ya dube ta, ya dubi wayar da ke kan tabarma, gilashinta a fashe. Ya ci gaba da cin abincinsa har ya siɗe kwano. Ba ta san komai game da ƙwan sha tara ba. A saninta mutuwa ya yi kamar sauran.

A wani ajin makarantar firamare aka yi taron, da la'asar. Manyan mutane da tumbi suka matsu a bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Wakilin kamfani ya zo da samfurin fitila ɗaya, ya jona ya kunna, da rana tsaka amma sai da 'yan gaba suka rufe ido. Mai Aski ya ce wannan in aka sa a layi kaji ba za su ƙara sanin lokacin kwanciya ba.

Aka shiga magana, kowa da inda ƙaya ta soke shi. Mai kemis ya ce shi yana so, mata ba sa zuwa sayen magani in duhu ya yi, sai su bar yaro da zazzaɓi har safe. Wani tsohon mai gadi ya ce a yi hankali, haske mai ƙarfi inuwarsa ta fi baƙi, ɓarawo tsakanin rumfuna zai laɓe kana kallon wajen ba ka ganinsa. Wani da ke kwana a saman bene ya tambaya ko kamfani zai ba da labule. Wani direban tasi ya ce sau biyu yana taka birki a kan mutum a layin nan, Allah ne kawai ya tsare. Sai wata bazawara mai ɗinki, wadda shagonta bai fi faɗin keken ɗinkin ba, ta miƙe ta ce ita ba ta ƙi haske ba, amma kuɗin watan da ake cewa kaɗan ɗin nan, a wajenta abincin kwana uku ne ita da 'ya'yanta. Da magariba take rufewa, me fitilar za ta haska mata? Kowa a ajin ya san ba ƙarya ta yi ba.

Ciyaman ya ga ƙofa ta buɗe ya shiga da ƙarfinsa. Ya ce yau kaɗan ne, baɗi fa? Wa ya taɓa ganin kuɗin da aka ɗora ya sauko? In kamfani ya gudu bayan shekara biyu wa za a kama? Wannan ma ba ƙarya ba ce, kawuna suka yi ta gyaɗawa. Daga nan ya ce bari a ji daga bakin mai abin, mutumin da ya shekara talatin a saman turakun nan, wanda kwanan nan ma duk gari ya shaida irin riƙon da turke ya yi masa. Aka yi dariya.

Mai Tsani ya taso daga bencin baya. Tsohon wandon ne a jikinsa, ɗinkin Auta ya bi bayansa kamar layin dogo, ledar Ciyaman kuma tana hammatarsa. Ya tsaya gaban allo, kansa a ɗan sama kamar kullum. Muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba, kamar mai karanta lambar mita.

Ya ce turke arba'in ne, ƙwai ashirin da shida. Ya ce ba gyara suke so ba, ba su isa ba ne, kuma ba su taɓa isa ba. Duk wanda ya ga haske a ƙofarsa ya sani daga ƙofar wani aka ciro. Ya ce shi ke zaɓa, shekara talatin da ɗaya, kuma yawanci yana zaɓa daidai. Sannan ya faɗi ranar da aka fasa kwaɗo, da wayar Oga, da yadda ya tsaya yana neman wanda ba zai kai ƙara ba.

"Ƙwan sha tara bai mutu ba," in ji shi. "Da ransa na cire shi. Da hannun nan. Na kai shi turke na takwas. Kwana huɗu."

Bai ƙara bayani ba, ba a kuma buƙata. Duk wanda ke ajin ya san ƙofar wa ke turke na takwas, ya kuma san abin da ya faru a na sha tara. Wani ya yi salati a hankali. Auta tana tsaye a bakin taga ta waje, da farar rigar kemis, ta baro aiki ta zo ta ji. Ba ta motsa ba, hannunta kawai ta ɗora a ƙarfen tagar.

Mai Tsani ya ce bai zo ya ɗora wa kowa laifi ba, wanda ya nemi haske a ƙofarsa bai yi laifi ba. Ya ce zancen kuɗi bai san shi ba, su suka san aljihunsu, maganar mai ɗinki kuma gaskiya ce. Abin da ya sani kawai, in suka ce a'a, ran Litinin zai saɓa tsani ya sake zaɓar wurare sha huɗu, kuma a cikin sha huɗun nan akwai inda wani nasu ke tsallakawa. Ya koma ya zauna.

Mai Aski ne ya fara magana, kuma karo na farko a rayuwarsa ba da wasa ba, ko da yake ƙarshenta sai da wasan ya leƙo. Ya ce tunda matsalar mai ɗinki gaskiya ce, kada a raba kuɗin kai da kai, a raba shi ƙofa da ƙofa. Mai rabin ƙofa ya biya rabi, mai ƙofa ɗaya ya biya ɗaya, wanda kuma Allah ya buɗa wa har huɗu, to Allah ya ƙara buɗi. Wakilin kamfani ya ce su ba ruwansu da yadda aka raba, in dai ya cika.

Aka ce a ɗaga hannu. Mai kemis ya ɗaga, direba ya ɗaga, mai gadi ya yi jim sannan ya ɗaga. Mai ɗinki ta dubi hannunta a cinya kamar ba nata ba, sai can ta ɗaga shi iya kafaɗa. Aka ƙirga sau biyu don Ciyaman ya ce ba a ƙirga daidai ba. Masu e suka fi da hannu biyar.

Mutane suka fara fita, kowa yana ratse Mai Tsani, ba mai iya haɗa ido da shi. Shi kuwa fuskarsa yadda ta shigo haka take, ba ka ce mutumin da ya yanke rabin fanshonsa da bakinsa ba ne. Auta ta zagayo ta tsaya kusa da shi. Bai san me za ta ce ba, ita ma da alama ba ta sani ba. Ta kai hannu ta cire wani zare da ya zarto daga ɗinkin wandon, ta riƙe shi a hannu, ba ta tafi ba.

A bakin ƙofa Ciyaman ya tare su, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Mai Tsani ya zaro ledar daga hammata ya miƙa masa, takardar kantin tana nan ba a cire ba. Ciyaman ya fizge. Ya ce Allah ya ji ƙan marigayiya, shi bai san daga ina aka ciro ƙwan ba, kuma ba shi ya tuƙa motar ba. Amma Mai Tsani ya sani ya kashe aikinsa a banza, ya kuma ja wa bayin Allah.

"Ka ɗora mana biya wata-wata har mu mutu," in ji shi. "Ka ji daɗi?"

Mai Aski, da ke bayansu, ya riga ya sunkuyar da kai yana jiran haka ne. Mai Tsani ya sauko da idonsa daga sama, abin da ya daɗe bai yi ba, ya dubi Ciyaman daga hula har takalmi.

"Kai aka yi wa sauƙi, ranka ya daɗe, wata-wata. Ni nawa lokaci ɗaya aka karɓa, ko canji ba a ba ni ba."